Trinket, Bauble ko Tawdry: Wace Kalmar Turanci Ce Ta Dace da Kayan Ƙyale-ƙyale?

Duk wanda ya taɓa zama domin ya juya labarin Hausa zuwa Turanci, ko ya rubuta tallar hajarsa ga masu saye na ƙasashen waje, ya san yadda alƙalami kan cije idan aka iso kan kayan ado masu araha. A Hausa abin a fili yake, domin mun san kayan koli, mun san kayan ƙyale-ƙyale, mun san sarƙar fashin da mai ita ba ta taɓa cewa gwal ce ba, mun kuma san abin da dattijuwa take nufi idan ta dubi akwatin lefe ta ce ƙyalƙyal banza ne. Amma da zarar an buɗe ƙamus na Ingilishi sai a tarar an jera kalmomi kusan ashirin a layi ɗaya kamar duk abu guda suke faɗa: trinket, bauble, knick-knack, gewgaw, gimcrack, tchotchke, frippery, trumpery, tinsel, pinchbeck, brummagem, tawdry, gaudy, bling da sauransu. Ƙamus bai yi ƙarya ba, sai dai bai bayyana cewa kowace kalma a cikinsu da irin laifin da take ɗora wa kayan ba. Wata ƙanƙantar abin take nunawa, wata zargin jabu take yi, wata kuwa ba ruwanta da kayan, mai sanye da su take yi wa dariya. A ganina hanya mafi sauƙi ta zaɓe a tsakaninsu ita ce a bi kowace zuwa gidansu, domin yawancinsu har yau suna ɗauke da ƙamshin inda suka fito.

Wadda ta fi kowace shiga ko'ina ita ce trinket. Ta bayyana a rubutun Ingilishi a farkon rabin ƙarni na 16, kuma manyan ƙamusoshi sun bar asalinta a buɗe, ko da yake waɗansu masana sun danganta ta da trenket, sunan wata 'yar wuƙa ta dukawa, bisa hujjar cewa an yi zamanin da ake rataya ƙananan wuƙaƙe a jiki don ado. Abin da take nufi a yau shi ne ɗan ƙaramin abin ado da ake sawa ko ake riƙewa, wanda kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, kamar zobe ko ɗan kunne ko abin rataya makulli. Raininta mai sauƙi ne, har mutum yana iya faɗarta a kan tsarabar da ya kawo da hannunsa ba tare da ya ci mutuncin kowa ba. Ita ce mafi kusa da kayan koli, amma sai an lura cewa faifan ɗan koli ya fi ta faɗi, tunda a kansa akwai allura da zare da madubi da kwalli, alhali trinket ɓangaren ado kaɗai ta ɗauka.

A nan ne kuma tarkon da ya fi kama marubutanmu yake. A Turancin Najeriya an daɗe ana amfani da trinkets da ma'anar kayan adon mata baki ɗaya, har da gwal na gaske, shi ya sa za a karanta a jarida cewa ɓarayi sun fasa gida sun kwashe gold trinkets na miliyoyin naira, kuma babu mai karatu a Kano ko Legas da zai ga wani abin mamaki. Baturen Ingila ko Ba'amurke kuwa idan ya ga wannan jimla sai ya ji ta tana karo da kanta, kamar a ce da Hausa an sace tarkacen miliyan goma. Saboda haka wanda yake fassara labarin da mace ta sayar da gwal ɗinta ta biya wa mijinta bashi, kuma yana son a karanta shi a wajen Najeriya, kalmarsa ita ce jewellery, domin idan ya sa trinkets ya zubar da nauyin sadaukarwar matar gaba ɗaya. Haka nan mai karanta littattafan matafiya Turawa na ƙarni na 18 da na 19 zai riƙa cin karo da ita a inda ake cewa an ba sarakunan Afirka trinkets an karɓi hauren giwa ko zinari, kuma ya kamata ya san cewa zaɓen kalmar a can ba a banza aka yi shi ba, domin duwatsun ado na gilashi da ake kawowa daga Murano ta ƙasar Italiya haja ce mai farashi sananne, wadda masu saye suke tantancewa su ƙi wadda ba ta yi musu ba.

Bauble, wadda ake furtawa kusan “bobul”, ta fi trinket tsufa kuma ta fi ta haƙora. Ta shigo Ingilishi a ƙarni na 14 daga tsohon Faransanci, inda baubel take nufin abin wasan yara, daga baya kuma ta zama sunan sandar wawan sarki, wata 'yar sanda da ake sassaƙa wa kai mai kunnuwan jaki, wadda wawan yake riƙewa yana kwaikwayon sandar mulki. Wannan tarihi ne ya sa kalmar ta yi zafi a bakin Oliver Cromwell, babban kwamandan sojojin Ingila, ranar 20 ga Afrilu 1653, lokacin da ya shiga majalisar dokokin Ingila da sojoji ya kori wakilai, sannan ya nuna sandar majalisa ya kira ta bauble ya ce a fitar da ita. Mu da muka ga yadda ƙasa ta ɗauki zafi da aka sure sandar Majalisar Dattawa a Abuja a watan Afrilun 2018 ba ma bukatar a yi mana dogon bayani a kan girman wannan cin fuska. Da ita kuma Turawan Ingila suke fassara maganar da ake dangantawa da Napoleon a 1802, sa'ad da aka soki lambar girmamawar da ya ƙirƙiro aka ce abin wasan yara ce, shi kuwa ya amsa da cewa ai da irin waɗannan abubuwan wasa ake jan ragamar mutane. Bambancinta da trinket ke nan: trinket tana cewa abin ƙarami ne mai araha, bauble kuwa tana cewa abin yana sheƙi amma hankalin yaro yake ɗauka, ko da kuwa da lu'ulu'u aka yi shi. Don haka ita ta dace da marubucin da yake son ya yi shaguɓe ga lambar yabo ko sarautar da aka saya da kuɗi. Sai dai a kiyaye, a Birtaniya ta yau ma'anarta ta yau da kullum ita ce 'yar ƙwallon nan mai ƙyalli da ake ratayawa a jikin bishiyar Kirsimeti, kuma mai talla da ya rubuta baubles yana nufin 'yan kunne zai iya samun masu neman kayan bishiya.

Akwai rukunin da ba a jiki ake sa shi ba, a kan kanta ko cikin shokes ake ajiye shi, wato abin da ya yi kama da ƙananan kayan jeren ɗakin amarya, irin su furen roba da 'yan tangaran da ba a cin abinci a cikinsu. A nan kalmar da ba ta da haɗari ita ce knick-knack, wadda ba a furta harafin k na farkonta, sai a ce “nik-nak”. Ninki ce ta tsohuwar kalmar knack, wadda a da take nufin dabara ko ɗan abin wasa, kuma kowane mai jin Ingilishi a duniya ya san ta. Takwararta ta Amurka ita ce tchotchke, ana furta ta kusan “cacka”, wadda Yahudawan gabashin Turai suka kawo birnin New York cikin harshensu na Yidish, su ma daga harsunan maƙwabtansu irin su Folanci suka aro ta, kuma ba ta bazu a Turancin Amurka ba sai wajen shekarun 1960. Tana da ɗan raha a cikinta, amma a wajen Amurka mutane da yawa ba su san ta ba, rubutunta ma kaɗai ya isa ya sa mai karatu tuntuɓe. Bric-a-brac kuwa daga Faransanci ta zo a ƙarni na 19, ba a kuma kiran abu ɗaya da ita, sai tarin tsofaffin tarkace iri-iri da ake zubewa a teburin gwanjo. Wanda yake son ya girmama irin wannan kaya, ya nuna cewa ƙarami ne amma aikin gwani ne, yana da bibelot, ita ma ta Faransa, ko curio, wadda aka yanko daga curiosity. Abin lura a gefe guda shi ne yadda Ingilishi yake ninka sauti idan zai ƙasƙantar da abu, kamar a knick-knack da gewgaw da bling-bling, daidai da yadda muke yi a ƙyale-ƙyale da tsarabe-tsarabe.

Gewgaw da gimcrack da kickshaw ba za su ci mana lokaci ba, domin duk sun tsufa. Ta farkon tana cikin rubutun Ingilishi tun wajen farkon ƙarni na 13, Amurkawa kan rubuta ta geegaw, kuma tana nufin abu mai ɗaukar ido marar amfani. Ta biyun ta fi karkata ga rashin ƙwari, wato abin da aka haɗa shi sama-sama ya yi kyau a ido amma ba zai kai sallar baɗi ba. Ta ukun kuwa labarinta ya fi amfaninta daɗi, domin kunnen Ingilishi ne ya ji Faransawa suna cewa quelque chose, ma'ana “wani abu”, sai ya mayar da ita kickshaws a ƙarshen ƙarni na 16, ya ɗauka jam'i ce, ya yanke mata harafin ƙarshe, ya kuma fara amfani da ita wajen yi wa ƙananan girke-girken Faransa ba'a kafin ta koma kan kayan ado. Duk ukun sun dace da bakin tsoho mai faɗa a cikin ƙagaggen labari, amma a takardar kasuwanci ko rahoton jarida za su sa marubuci ya yi kama da wanda ya haɗiye ƙamus.

Idan kuwa laifin da ake son nunawa shi ne kwaikwayon gwal, to an shigo unguwar pinchbeck da brummagem, kuma a nan ne tarihin ya fi armashi. Christopher Pinchbeck maƙerin agogo ne a Landan, ya rasu a 1732, shi ne ya shahara da wani haɗi na jan ƙarfe da tutiya wanda launinsa ya yi kama da zinari ƙwarai. Bai sayar da shi da sunan zinari ba, kuma masu kuɗi ma suna saye domin su sa a kan hanya, su bar na gasken a gida saboda 'yan fashin da suke tare kekunan doki a wancan zamani. Bayan mutuwarsa ne waɗansu maƙera suka riƙa sayar da irin haɗin a matsayin gwal, har sunan mutumin ya zama kalmar da ake jifan duk wani abin jabu da ita, ko mutum ne mai fankama. Abin dariyar shi ne kayan pinchbeck na asali na ƙarni na 18 yanzu masu tara kayan tarihi suna biyan kuɗi mai kyau a kansu, don haka idan aka ga kalmar a kundin masu gwanjon kayan da, yabo ce.

Brummagem kuwa gari guda ta ɓata wa suna. Haka mutanen Birmingham suke furta sunan garinsu a karin harshensu, kuma a ƙarni na 17 garin ya yi ƙaurin suna wajen buga jabun groat, wani kuɗin azurfa mai darajar kwabo huɗu. Da garin ya zama cibiyar ƙera maɓallai da kan ɗamara da ƙananan kayan ƙarfe masu araha, sai sauran Ingila suka riƙa kiran duk wani abu mai ƙyalli marar inganci da brummagem. Wannan ƙira ta iso har gaɓar Afirka ta Yamma, domin masana'antun Birmingham suna cikin manyan masu yin mundayen tagulla da ake kira manilla, waɗanda aka yi cinikin bayi da na manja da su, aka kuma ci gaba da kashe su a matsayin kuɗi a kudu maso gabashin Najeriya har gwamnatin mulkin mallaka ta janye su a tsakanin 1948 da 1949. Manyan maƙeran garin sun ji zafin wannan suna, shi ya sa Matthew Boulton ya yi ta kai gwauro yana kai mari a majalisa har aka kafa wa Birmingham ofishin gwajin azurfa a 1773, mai hatimin anga irin ta jirgin ruwa, ko da yake garin ba ya kusa da teku. Duk da daɗin labarinsu, shawarata ita ce a bar kalmomin nan biyu ga masu rubutun tarihi da adabi, domin matashin Landan na yau da wuya ya gane su. Mai son ya ce jabu ya ce fake ko counterfeit idan an yi niyyar cuta, ya ce imitation idan mai saye ya san abin da yake saye.

Duwatsun da ake kwaikwayon lu'ulu'u da su ba su da wannan matsala, domin sunayensu sun zama na sana'a, babu zagi a cikinsu. Paste gilashi ne mai dalma a ciki, wanda ake yankawa a goge shi har ya riƙa walƙiya, kuma wanda ya kai shi ƙololuwa shi ne Georg Friedrich Strass, ɗan yankin Alsas da ya zama maƙerin adon sarkin Faransa a 1734, shi ya sa har yau Faransanci yake kiran irin dutsen strass. Rhinestone kuwa sunanta daga Kogin Rayin ya samo asali, inda ake tsintar wasu tsakuwoyi masu haske a da, kafin gilashi da roba su maye gurbinsu. Har sequin, ɗan faifan nan mai ƙyalli da ake ɗinkawa a jikin leshi da mayafi, yana da asali mai daraja, kuma mai jin Larabci zai gane shi nan take: sunan kuɗin zinarin birnin Venis ne, zecchino, daga zecca, gidan buga kuɗi, ita kuma daga sikka ta Larabci, wato ƙarfen da ake buga hatimin kuɗi da shi. Mai shago yana iya rubuta waɗannan ukun a tallarsa hankali kwance.

Kalmar da ta fi kowace nauyi ita ce tawdry, ana furta ta kusan “todiri”, kuma asalinta sunan wata waliyyiyar Kirista ne. Etheldreda, wadda bakin jama'a ya mayar Audrey, 'yar sarki Anna ce na Gabashin Angiliya, wani yanki na Ingila, ta bar gidan sarauta ta kafa gidan ibada a garin Ely a shekarar 673, ta rasu a 679 da wani ƙari da ya fito mata a wuya. Malamin tarihi Bede, wanda ya kammala littafinsa na tarihin cocin Ingila a 731, ya ruwaito cewa ta karɓi ciwon da haƙuri, tana cewa sakamakon sarƙoƙin zinari da lu'ulu'un da ta yi ta ɗora wa wuyan nan ne a ƙuruciyarta. Shekaru ɗaruruwa bayan haka, a kasuwar shekara-shekara da ake ci a Ely cikin watan Oktoba domin tunawa da ita, hajar da ta fi fita ita ce wani zaren siliki da mata suke ɗaurawa a wuya, ana kiransa Saint Audrey's lace. Saurin baki ya cinye farkon sunan, harafin t na ƙarshen Saint ya manne wa Audrey, aka samu tawdry lace. A lokacin Shakespeare abin marmari ne ga 'yan matan ƙauye, domin a wasansa The Winter's Tale akwai makiyayiyar da take tuna wa saurayinta alkawarin da ya yi na saya mata shi. Da kayan suka yi yawa suka yi araha, 'yan birni suka fara yi musu kallon ƙauyanci, sai kalmar ta faɗi, kuma kafin ƙarshen ƙarni na 17 ta zama siffar duk wani ado mai ƙyalli marar daraja. Matar da ta yi nadamar sa sarƙa ita ce sunanta ya ƙare a kan sarƙar banza.

Ga mai zaɓen kalma, abin da ya kamata ya riƙe shi ne tawdry ta wuce batun farashi ta shiga batun mutunci. Jaridun Birtaniya a yau sun fi amfani da ita a kan abin kunya, kamar cin amanar aure ko cinikin siyasa na ƙasƙanci, fiye da yadda suke amfani da ita a kan sarƙa. Idan aka ce adon mace tawdry ne, an taɓa ita kanta. Ita ce ta fi dacewa da ƙyalƙyal banza idan mai maganar yana cike da raini, amma ta yi tsauri ga uwar da take tsokanar 'yarta a kan awarwaron roba.

Gaudy sau da yawa ana haɗa ta da tawdry, alhali ba abu ɗaya suke aibatawa ba. Tushenta gaud ne, kuma mafi yawan masana sun mayar da ita ga gaudium ta Latin, ma'ana farin ciki, domin da wannan suna ake kiran manyan duwatsun da suke raba ƙananan a carbin Kiristocin Turai na da, kamar dai yadda shaidar carbi take fita daban a namu. Daga babban dutse mai ɗaukar ido sai ma'anar ta koma kan duk abin da launinsa ya yi kururuwa. Akwai labarin da yake yawo cewa daga sunan Antoni Gaudi aka samo ta, wato maginin nan na Basalona mai gine-gine masu ado barkatai, amma wannan ba ya tsayuwa, domin an haife shi a 1852, alhali tun wajen 1600 Shakespeare ya sa wani uba a wasan Hamlet yana yi wa ɗansa nasiha ya sa tufa mai tsada amma ba gaudy ba. Wannan nasiha ma ta nuna inda kalmar ta dosa: ba ta cewa abin mai araha ne, cewa take yi ya yi yawa. Gwal na gaske mai nauyin giram ɗari yana iya zama gaudy idan an jibga shi ba tsari. Haka bling take, wadda mawaƙan hip-hop na Amurka suka yaɗa, musamman bayan wata waƙa ta mawaƙan New Orleans a 1999. Kwaikwayon ƙarar da ake ji kamar haske yana yi ne idan ya daki lu'ulu'u, tamkar mu ce wal-wal, kuma masu ita da alfahari suke faɗarta a kan kaya masu tsadar gaske. Ta dace da tallar da ake yi wa matasa, ba ta dace da rubutun hukuma ba.

Tinsel ita ce ta fi kusa da ƙyalƙyali tsantsa. Daga tsohon Faransanci estincele take, ma'ana tartsatsin wuta, kuma a farkon shigowarta sunan wani yadi ne mai tsada da ake saƙawa da zaren zinari ko azurfa, irin na sarakuna. Yau ta koma sunan siraran zaruruwan roba masu sheƙi na adon Kirsimeti, kuma da ita ake yi wa Hollywood laƙabin Tinseltown, garin da komai nasa walƙiya ce ta sama-sama. Ba a kiran zobe ko sarƙa da ita, amma babu kamarta idan ana maganar daular da ba ta da tushe. Frippery da trumpery kuwa 'yan'uwanmu na Nijar da Kamaru da Cadi za su riga kowa gane su, domin ta farkon ita ce friperie ɗin nan da suke gani a rubuce a ƙofar shagunan gwanjo a Yamai da Maraɗi, kuma da ma'anar tsofaffin tufafi ta shiga Ingilishi a ƙarni na 16 kafin ta koma nufin adon da ba dole ba, irin wanda magidanci yake ƙorafin an ɓarnatar da kuɗi a kansa. Ta biyun daga tromperie take, wato yaudara, kuma ta kusa ɓacewa daga bakin mutane. Mai jin Faransanci ya yi hattara da frippery, domin idan ya rubuta ta yana nufin gwanjo babu Baturen Ingila na yau da zai fahimce shi, second-hand clothes ake cewa.

Duk waɗannan kalmomi na mai kallo ne da mai suka. Mai sayarwa, wadda ta saro sarƙoƙi da 'yan kunne daga Dubai ko daga Yiwu ta ƙasar Sin tana son ta tallata su da Turanci, ba ta da rabo a cikinsu in ban da sunayen duwatsun da aka ambata. Nata sunan shi ne costume jewellery, wanda ya samu karɓuwa a farkon ƙarni na 20, musamman bayan da Coco Chanel, Bafaranshiyar nan mai tsara kayan sawa, ta sa matan masu kuɗi na Faris suka riƙa haɗa lu'ulu'un gilashi da na gaske a shekarun 1920 ba tare da jin kunya ba, ko kuma fashion jewellery, inda fashin ɗinmu ta samo asali, ko imitation jewellery, wanda 'yan kasuwar Indiya suka fi amfani da shi. A cikin ukun na fi son na biyu ga mai talla, domin na farko yana iya sa wanda bai saba ba ya zaci kayan 'yan wasan kwaikwayo ne, na ukun kuma yana tuna wa mai saye abin da kayan ba su kai ba. A kuma lura da rubutu, jewellery ga Birtaniya da Najeriya da Gana, jewelry ga Amurka.

Kalmar da za ta iya jawo mata shari'a ita ce gold idan ta tsaya ita kaɗai. A Birtaniya dokar 1973 ta hana a sayar da abu da sunan gwal idan nauyinsa ya wuce giram 1, ko da sunan azurfa idan ya wuce giram 7.78, sai an gwada shi an buga masa hatimi a ɗaya daga ofisoshi huɗu da ke Landan da Birmingham da Sheffield da Edinburgh, kuma wannan hatimi shi ake kira hallmark, daga sunan zauren ƙungiyar maƙeran zinari na Landan inda aka fara kai kaya gwaji. Abin da aka shafa wa ruwan gwal sunansa gold-plated, wanda kuwa launin kawai ya ɗauko sunansa gold-tone ko gold-coloured. Sarƙar tagulla mai ruwan gwal da duwatsun gilashi, wadda a kasuwar Sabon Gari za a ce da ita fashin a wuce wurin, a shafin talla na Landan sai an rubuta ta dalla-dalla: gold-plated brass necklace with rhinestones.